Wonder Woman ko Captain Marvel: wace ce ta fi tsaya wa mata?

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya na sake kallon fim ɗin Wonder Woman na 2017 tare da 'yata mai shekara 11. Da aka zo inda Diana, wato Wonder Woman, ta hau tsani ta fito daga ramin sojoji, bayan maza sun ce ba mai iya ƙetare filin da ke tsakaninsu da abokan gaba da rai, sai yarinyar ta miƙe tsaye kan kujera, ta gicciya hannuwanta kamar mai tare harsashi. Wallahi sai da idona ya ciko. Abin da ya fi taɓa ni shi ne dalilin fitowar Diana: wata mata ce rungume da jariri ta roƙe ta, ta ce an mamaye ƙauyensu. Tausayi ne ya fito da ita. Captain Marvel na 2019 kuwa bai ratsa ni haka ba, ƙarfi kawai na gani. Ko ni kaɗai ce?

Ƙanwar Maza:
Wa'alaikumussalam Aunty. A nan kam mun raba hanya. Ki tuna, shekara shida Yon-Rogg, kwamandanta, yana koya wa Carol, wato Captain Marvel, ta danne zuciyarta, ga wata 'yar na'ura a wuyanta tana rage mata ƙarfi, ana ce mata kyauta ce aka yi mata. A ƙarshe ya ce ta ajiye ƙarfinta su gwada hannu da hannu, ta ƙi, ta watsar da shi gefe. Duk macen da ta taɓa kawo shawara a taro aka share ta, namiji ya maimaita aka tafa masa, ta san daɗin wurin nan. Ni sau uku na mayar da shi baya.

Baban Yara:
Ni damuwata shigarsu. Namiji ne, William Marston, ya ƙirƙiro Wonder Woman a 1941. A 2016 Majalisar Ɗinkin Duniya ta naɗa ta jakadiyar girmamawa kan ƙarfafa mata, ma'aikatan majalisar da kansu suka yi ƙorafi kan surarta da kayanta, cikin wata biyu aka janye naɗin.

Uwar Biyu:
Ƙanwata, kin sa zan sake kallo, na manta da na'urar nan. Malam, shi ya sa nake son Okoye, jarumar nan ta fim ɗin Black Panther. Kanta a aske, sulke ya rufe ta, ga mashi. Gashin kantin da aka sa mata don ɓad da kama ma, a fuskar abokin gaba ta jefa shi. Ita zan nuna wa yarinyar ranar Asabar in sha Allah.