Abin da aka tattauna kan masu laif ɗin ƙwallo da Sifaniyanci

Jiya mun daɗe muna hira kan yadda su Ibai Llanos, fitaccen mai laif ɗan Sifen, suka ja matasan Sifen da Latin Amurka zuwa Twitch, dandalin da ake yin laif a intanet, har Gerard Piqué ya kafa gasar ƙwallo ta Kings League aka fara bugawa 2023, 'yan wasa bakwai-bakwai, fainal ɗin farko a Camp Nou. Shawarar da kowa ya maimaita ga mai son yin irin wannan laif ɗin, kar ka haska wasan kansa, LaLiga ba ta wasa da haƙƙin mallaka, rufe maka tasha za a yi. Ka nuna fuskarka da ihunka kawai, ka riƙa karanta sunayen masu komen kana ba su amsa. Wani ya ce makirfo ya fi kyamara muhimmanci, ni ma na yarda wallahi, murya na tsatsa mutane sun watse. Sai riƙe lokaci ɗaya na yin laif kullum ko da mutum goma ke kallo.