Yadda zan tayar da maganar gonar gado da ƙanena

Mazaunin Jidda:
Assalamu alaikum. Ina aiki a Jidda, ƙanena kuma shi ne ke riƙe da gonar da mahaifinmu ya bari a Gadarif ta ƙasar Sudan, inda yake noma riɗi da dawa. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 nake tura masa kuɗin iri da na leburori ta Bankak, manhajar tura kuɗi ta Bankin Khartoum, amma bai taɓa kawo mini lissafin amfanin gonar ba, kuma da zarar na taɓo maganar sai ya ce ina zarginsa da cin amana. Ba na son zumuncinmu ya lalace, ba na kuma son haƙƙin ƙannenmu mata ya salwanta. Ta ina zan fara?

Dattijo daga Maiurno:
Wa alaikumus salam, ɗana. Kada ka fara da lissafi, domin wanda ya sha ranar gona shi kaɗai yakan ji tambayar kuɗi kamar tuhuma. Ka fara tambayarsa yadda damina ta kasance. Riɗi ba ya jiran kowa: idan ya nuna aka yi jinkirin yanka, kwanson yakan tsage ƙwayar ta zube, ga tsadar dizal da ta leburori. Idan ya amayar da abin da ke ransa, sai ka ambaci abin da kuka haɗu a kai, wato gonar ta zauna a hannun iyali, mahaifiyarku kuma kada ta rasa abinci. Haka ajawid, wato dattawan sulhu, ke yi a zaman judiya, sulhun gargajiya na Sudan, sukan saurari kowa kafin su taɓa asalin rigimar.

Wata 'yar'uwa daga Makka:
Malam, ka fara buɗe naka littafin. Ka rubuta duk abin da ka tura da ranakunsa, ka aika masa shi kaɗai, ba a zauren WhatsApp na dangi ba, ka ce ya gyara inda ka manta. Aya ta 282 a Suratul Baƙara ta umarci muminai da rubuta bashi, saboda haka rubutu ba rashin yarda ba ne.

Manomi daga Sinnar:
Ina girmama maganar Baba, amma a ganina tushen matsalar shi ne gadon da ba a raba ba. Ku kira kawunku da malamin da ya san rabon gado, 'yan'uwanku mata su faɗi ra'ayinsu da bakinsu, sannan a yanka wa ƙanenka ladan wahalarsa kafin a raba amfanin kowace kaka.