Kano zuwa Jidda: awa nawa jirgi yake yi a sama?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawara. Zan raka Hajiyarmu Umra, kuma ciwon gwiwa ya sa ba ta iya dogon zama. Mai sayar da tikiti ya kawo mini biyu: ɗaya kai tsaye daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa Jidda, ɗaya kuma mai biyawa ta Addis Ababa, wanda ya fi sauƙin kuɗi. To amma ko na kai tsayen, daga lokacin tashi zuwa na sauka na ga awa 7 a takarda. Haka nisan yake? Wanne zan ɗauka?

Wani mai zirga-zirgar Saudiyya:
Wa alaikumus salam. Agogo ne ya ruɗe ka, ɗan'uwa. Saudiyya tana gaban Najeriya da awa 2, kuma a tikiti kowane gari da agogonsa ake rubutawa. Cire awa 2, saura 5. Tsakanin Kano da filin jirgin Sarki Abdul'aziz na Jidda kimanin kilomita 3,400 ne in an miƙe. Sai dai tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarta, jirage da yawa kewayawa suke yi, don haka in an ɗan ƙara maka lokaci kada ka yi mamaki. A dawowa kuma za ka ga kamar awa 3 kawai aka rubuta, duk lissafin agogon ne.

Wata Hajiya:
Ɗana, kada rangwamen ya ja ka. Kano zuwa Addis kaɗai ya kusa kai nisan Kano zuwa Jidda, sama da kilomita 3,300. Daga can sai ka sake hawa wani jirgin ka yi arewa kamar kilomita 1,400, wajen awa biyu da rabi. Ga jiran canjin jirgi a filin Bole na Addis, wani lokaci har dare ya raba. Matashi zai jure. Tsohuwa mai ciwon gwiwa, ta sauko daga matakala, a cusa ta a bas, ta sake bin layin bincike? Gaskiya ni ba zan yi wa uwata haka ba. Sayi na kai tsaye, ka ce a rubuta mata keken guragu tun wajen yankan tikiti, kuma ka nemar mata kujerar bakin hanya don ta riƙa miƙe ƙafa.

Wani malami:
Ku kula da harami. In Jidda za ku sauka, a sama za ku ƙetare miƙati. Kai ka yi wanka ka ɗaura mayafanka tun a Kano, in an yi sanarwa a jirgi sai ku yi niyya. Wanda zai fara da Madina ba ya buƙatar wannan, a Zul Hulaifa zai ɗauka.

Wani kuma:
Daga filin jirgin Jidda zuwa Makka kusan kilomita 100 ne. Jirgin ƙasa na Haramain yana da tasha a cikin filin, tafiyarsa zuwa Makka ba ta kai awa ɗaya ba.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri, na kai tsayen zan biya. Hajiya, keken nan ana biyan wani abu ne daban?

Hajiya:
A'a, kyauta ne. Ka dai tuna musu ranar tafiya wajen awon kaya.