Abin da Muka Tsinta a Hirar Masu Dawaki

Bayan la'asar muka zauna a gindin darbejiya, a wani ƙauye kusa da Ringim, aka shiga zancen kiwon doki. Maganar abinci ce ta cinye rabin zaman.

Dattijon da ya fi kowa daɗewa da barga ya ce tumbin doki ƙarami ne, kuma doki ba ya amai. Don haka a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, safe da rana da dare: harawar wake ko ta gyaɗa tukuna, sannan dusa da ɗan gero. Harawar da ta yi fumfuna a zubar, ko da tsada aka saye ta. Wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari, domin na taɓa ganin ingarma yana birgima saboda ciwon ciki, har yau abin na raina. Kanwa kuwa 'yar kaɗan ta isa.

A zafin bazara doki kan sha lita 30 ko fiye a yini. In an dawo kilisa yana gumi, a sassauta majayi, wato ɗamarar da ke riƙe sirdi a cikin doki, a zaga da shi sai numfashinsa ya daidaita kafin a kai shi ga hatsi.

Wani matashi ya tambaya: "Baba, kofato fa?"

"A kankare shi kullum, yaro, a gyara duk bayan sati 6 zuwa 8. Da damina kada ka bar shi tsaye cikin taɓo a turke."

An ɗan yi gardama kan maganin tsutsar ciki, amma yawanci sun ce a kira malamin dabbobi ya auna gwargwadon nauyin dokin.