Shawara kan tantance kifin gurami ta DNA

Ɗalibar Kabuga: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina aikin digiri na biyu a kan gurami. Na sayo kala uku wajen masu kifin ado a nan Kano: shuɗi, ruwan gwal da wani mai dabbare-dabbare. Mai kifin ya rantse min jinsi uku ne. Ta ina zan fara tabbatarwa da DNA?

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ina kyautata zaton duka ukun Trichopodus trichopterus ne, masu kiwo ne suka fitar da launukan. Ko hakan ya tabbata, ai kin samu abin rubutawa. Abin da za ki karanta shi ne COI, yankin DNA na mitokondiriya (sashen ƙwayar halitta mai samar da kuzari) mai haruffa kusan 650, tsarin da Paul Hebert na jami'ar Guelph a Kanada ya kawo a 2003. Firama kuwa, wato gajerun guntayen DNA da ake fara kwafar yankin da su, ki nemi FishF1 da FishR1, sun daɗe suna aiki a kan kifi.

Maman Hanif: Ni dai roƙona ɗaya, kada ki bari fomalin, sinadarin nan na hana ruɓewa, ya taɓa samfurinki. Da shi na adana nawa lokacin ina ɗaliba, wata uku ina PCR, wato aikin ninka DNA, ko layi ɗaya na sakamako bai fito ba, har kuka na yi. Ki yanki ɗan gefen wutsiya ki jefa a etanol mai ƙarfin kashi 95, washegari ki canja masa sabo. Da yanayin wutarmu, kada ki dogara da firiza kaɗai. Kowane kifi ki ɗauki hotonsa, lambar hoton ta zama ita ce a jikin kwalbar.

Mai Kifin Ado: Malama, ki haɗa da mai ɗigon lu'ulu'u, shi kam ko a ido daban yake. Kifin nan ɗan Kudu maso Gabashin Asiya ne, yana leƙowa sama ya shaƙi iska kamar tarwaɗa, don haka kada ki cika robar da ruwa har baki.

Baban Khalifa: Mai ɗigon lu'ulu'un shi ne Trichopodus leerii, zai yi miki amfani wajen kwatance. In sakamako ya dawo, ki duba rumbunan bayanan DNA na intanet, BOLD da GenBank, duka biyun, sannan ki zana bishiyar dangantaka da manhajar MEGA. Ki lura, tsofaffin bayanai da sunan Trichogaster trichopterus suka shiga, wasu ma tun farko an yi kuskuren suna. Kuma ta wajen uwa kaɗai ake gadon COI, ba zai nuna miki kifin da aka yi barbararsa tsakanin jinsi biyu ba.

Ɗalibar Kabuga: Allah Ya saka da alheri. Guda nawa zan ɗauka a kowane launi?

Maman Hanif: Biyar-biyar in aljihu zai ɗauka, kuma ba daga shago ɗaya ba, don kada ki kwaso 'ya'yan uwa ɗaya.