Gangaren Pawul: Musayar Baitoci

Ɗan Ader na Yamai

Salamu alaikum ƴan uwa. Na dawo daga hutu a Kap Ber, ƙasar tsibirai da ke cikin teku yamma da Senegal, ni da abokina na ƙuruciya. Ga abin da yinin da muka yi a tsibirin Santo Antawo ya bar mini. Mai amsa ya amsa.

Da sunan Allah nake farawa,
Wanda ya kafa dutsi tsakiyar ruwa.

Mun bar Yamai ana cikin kaka,
Dakar, Piraya, muna ta wucewa.

A Mindelo muka yada zango,
Da asuba tasha tana cikowa.

Santo Antawo jirgin sama ba ya sauka,
Sai ta teku, awa guda ana tuƙawa.

Porto Nobo, ba waccan ta Benin ba,
Fako da duwatsu, babu ciyawa.

Na dubi aboki, shi ma ya dube ni,
Ka ce muna bayan garin Tawa.

Mota ta hau da mu hanyar dutsi,
Jerin hannu ce, tana ta murɗawa.

Sai ga sanyi, sai ga itatuwa,
Gajimare ƙarƙashinmu na gilmawa.

Koba sunan wurin, bakin dutsi ne,
Mai aman wuta da ya daɗe da mutuwa.

Cikin ramin an yi gonar masara
Da wake, manoma suna dubawa.

Ya fi mita 1,000 bisa teku,
Kuma har bakin ruwa muke gangarawa.

Da muka leƙa kwazazzabon Pawul,
Na ji hantar cikina tana kaɗawa.

Faɗin hanyar bai wuce taku biyu ba,
Nan bangon dutsi, can sai faɗawa.

Dutsi jiƙe da raɓa yana santsi,
Gwiwa tun hantsi take karkarwa.

Aboki na gaba da sanda a hannu,
In na tsaya, shi ma yana tsayawa.

Da muka ratsa hazo muka ɓulla,
Kore shar duk inda ido ke kaiwa.

Rake da ayaba, gwaza da rogo,
Kofi da gwanda, mangwaro na inuwa.

Gona bisa gona har ƙoƙuwar tsauni,
Kowace da katangar dutsi mai tarewa.

Wa ya ɗora duwatsun nan, jama'a?
Tambayar ta hana zuciyata hutawa.

Tsohon Mushe, Tawa

Wa alaikumus salam. Ka motsa ni, yaro.

Barka da dawowa, ya kai ɗana,
Baitinka ya iso har cikin zaurena.

Na koyar da taswira shekaru a lakkwal,
Tsibirai 10 ne, haka ke a allona.

Tara da mutane, guda ba kowa,
Kai ka taka, ni na bi su da idona.

Kada koren nan ya rufe maka ido,
Ƙasar fari ce, ka riƙe zancena.

Yunwar 1947 ta ci dubbai,
Fotugal na mulki, sama sai rana.

Sai 1975 suka karɓi ƙasarsu,
Mu da su duk Sahel, ciwonsu ciwona.

Kujerarsu na CILSS, ƙungiyar yaƙi da fari, tare da tamu,
Cibiyarta AGRHYMET ta Yamai na auna musu damana.

To a ƙasar da hadari ke yi wa rowa,
Faɗa mini, wa ke shayar da gona?

Me kuka ci, kuma ina kuka yi salla?
Amsa mini in huta da tunanina.

Ɗan Ader na Yamai

Baba, Allah shi ƙara girma.

Iska daga arewa maso gabas take tasowa,
Ta ɗauko gajimare ta kai shi bisa.

Tsauni ya tare shi ya juye arewa,
Kudu da ƙyar take samun na lasa.

Ruwa na tsatsowa cikin duwatsu,
Sun gina magudanai suna kai shi nesa.

Yana bin gefen tsauni a hankali,
Kowane manomi da lokacin rabonsa.

Raken yawanci giya ake yi da shi,
An miƙo, muka gode, muka bar masa abinsa.

Abincinsu kacupa, masara da wake,
Muka ce da kifi, kar a sa alade cikinsa.

Ga cukun akuya mai laushi, ga kofi
Wanda mai gida ya noma da kansa.

Azahar muka yi a gefen wata gona,
Mai ita ya kau da buhu ya ba mu wurinsa.

Ƴar Keita

Ƙanena, tambayarka ta farko har yanzu ba wanda ya taɓa ta. Ni zan amsa, don a gidanmu mun san hannun da ke ɗora dutsi.

Ka ce wa ya ɗora duwatsun tsauni,
Zo ka tambayi matan Keita.

Shekarar 1984 fari ya ci gero,
Maza sun tafi bida, gari sai mata.

Abijan, Legas, wasu sun yi Libiya,
Kowace da ƴaƴa da tsohuwa a ɗakinta.

Sai aikin Keita ya zo da kuɗin Italiya,
Ladan yini abinci, a auna a ba ta.

Innata na ciki, da gammo da kwando,
Ni ina goye, ina jin nishinta.

Diga da shebur tun da sassafe,
Har tafin hannu ya yi kanta.

Sun jera gandari, sun haƙa ramuka,
Ruwan da ke gudu ya tsaya ya kwanta.

Kwarin da ke cin gona kowace damana
An datse shi da dutsi, ƙasa ta huta.

Miliyoyin itatuwa aka dasa a fako,
Yau bagaruwa ta girma, ana shan inuwarta.

Da ka ce gona bisa gona a Pawul,
Hawaye ya zo mini, na tuna da ita.

Ban san sunan matan tsibirin ba,
Amma kowace na san nauyin kayanta.

Ka sauko hanyar da hutu a ranka,
Wata ta hau ta da ciki da tulunta.

Abokin Tafiya

Yaya, gaskiya kika faɗa, kuma irinta mun gan ta da idonmu. Bari in ƙara abin da abokina ya tsallake.

Muna tsakar gangare, gumi na zuba,
Sai ga wata dattijuwa a kan hanya.

Mu muna sauka, ita tana hawa,
Tukunyar gas a ka, ga ƙullin kaya.

Silifas a ƙafarta, mu da manyan takalma,
Muka manne da bango cike da kunya.

Ta ce "bon diya", muka ce sannu Inna,
Ba mai jin harshen wani, sai dariya.

Ta dubi gwiwarsa, ta dubi sandata,
Ta gwada a sa ƙafa a karkace, ɗaya-ɗaya.

Haka muka bi har ƙauyen Kabo-da-Ribera,
Inda motar haya ke zuwa ta juya.

Aboki ya ce Pombas ta bakin teku da ƙafa zai kai ta,
Na ce to, ba ni barinka kai ɗaya.

La'asar sakaliya muka ji ƙugin teku,
Muka zube kan duwatsu don gajiya.

Tun muna yara muke kora awaki,
Yau ga mu iyaye, ba mu raba tafiya.

Ɗan Ader na Yamai

Yaya, amsar da na nema na samu,
Na ji ta sarai daga bakinki.

In Inna na raye ina son in gan ta,
In durƙusa in gaishe ta a gabanki.

Ki nuna mana gandarin da ta jera,
Mu biyu za mu zo, muna bin sawunki.

Ƴar Keita

Tana nan da ranta, ido ne ya yi rauni,
Ku taho yanzu, tun ana ɗari.

Dosso, Dogon Dutsi, ku wuce Ƙonni,
Ku karya a Tsarnawa ku bi Badagishiri.

Ku kwana Tawa gidan Baba Mushe,
Motar Keita na tashi da wuri.

Ku riƙo mata goro da hoton gonakin,
Abin da ba ta gani, ku ba ta labari.

Tsohon Mushe, Tawa

Ɗaki na nan, tabarma na nan. Ku kira ni in kun wuce Badagishiri, a ɗora tuwo.