Abin da aka tsayar kan kwanakin bizar Shengen

'Yan uwa na Yamai, muhawarar da aka yi kan yadda ake ƙirga kwanakin zama da bizar Shengen, wato bizar rukunin ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, ta yi tsawo, shi ya sa na tattaro muku ita wuri guda.

1. Kowa ya yarda cewa gajeriyar biza ba ta bayar da fiye da kwana 90 cikin kowane kwana 180, kuma ƙasashen Shengen duka lissafinsu ɗaya ne. Kwanakin da ka yi a Faransa ba sa gogewa don ka tsallaka Beljiyam.

2. Nan ne aka fi ruɗewa. Kwana 180 ɗin ba daga Janairu ake fara ƙidayarsu ba. Kowace rana sai ka waiwaya baya kwana 180, ka ƙirga nawa ka yi a ciki. Ranar shiga kwana ce cikakkiya, ranar fita ma haka, ko da ƙarfe goma sha ɗaya na dare jirginka ya sauka.

3. Buɗe fasfo ka karanta takardar da aka manna. Wa'adin biza daban, adadin kwanakin zama daban. Mai bizar shekara ɗaya ba shekara aka ba shi ya zauna ba, wani ma kwana 15 kawai aka rubuta masa.

4. An rabu kan fita zuwa Maroko a dawo. Kaɗan sun ce lissafi yana sabunta, mafi yawa suka ce a'a, kuma su ke da gaskiya.

5. Wasu na ganin a cinye kwanakin tas. 'Yan kasuwa suka ce a bar kwana biyu ko uku, saboda jirgi na iya ɗage tashi. Ni wannan na fi natsuwa da shi, domin wuce wa'adi na iya jawo tara ko hana biza gaba.